Yadda Suna Ke Ɓata Tsakanin Takarda Da Kwamfuta

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu)

 

Ran da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi magana bana, sai da gabana ya faɗi, domin duk wanda muka zauna aji ɗaya da shi ya san ba a taɓa fitar da ni muhawara ba, ko da ta tsakanin gidajen kwana. Amma da na ga dalilin da ya kawo, wato shawarar da kwamiti ya yanke ta shigar da tsofaffin rajistocin makarantar nan da sunayen 'yan ƙungiya cikin kwamfuta, sai na ce to, a nan kam ina da abin faɗi. Irin aikin da nake ci da shi ke nan a ofis, kuma na taɓa yin ɓarna a cikinsa wadda har gobe in na tuna sai kunya ta kama ni. Zan ba ku labarinta, amma bari in fara da abin da kowa ya sani.

Kowa a nan ya tuna rajistar aji, da layukanta a kwance da na tsaye, gurbin lamba daban, na suna daban, na gari daban. Malam yana buɗe ta ya san abin da ke ciki, har da abin da ba a rubuta ba. In ya ga 'yan sanduna biyu a ƙarƙashin sunan gari, ya san ana nufin garin da ke sama. In ya ga "Moh'd" ya san Muhammadu ne. In ya ga an ja jan layi a kan suna, ya san ko yaron ya sauya makaranta ne, ko an kore shi, ko Allah Ya yi masa rasuwa. Rabin rajistar yana kan takarda, rabinta yana cikin kan Malam. To ita kwamfuta ba ta da wannan rabi na biyu ko kaɗan. Abin da aka ba ta shi take riƙewa, kuma dokar da aka kafa mata ita take bi, ko da dokar za ta kai ta rami.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya bambanta abubuwa guda uku da ake yawan cakuɗawa. Ɗaukar hoton rajista da waya abu ne mai kyau, zai tsirar da ita daga gara da ɗigar ruwa, amma hoto ne kurum. Buga ta a kwamfuta kamar yadda ake buga wasiƙa shi ma bai wuce aikin tafireta ba. Na ukun shi ne a tsara bayanin ta yadda za ka tambayi na'urar, ɗalibai nawa suka zo daga Moriki tsakanin 1990 da 2000, ta ba ka amsa kafin ka ajiye kofin shayi. Wannan na ukun shi nake magana a kai.

Hanya mafi sauƙi ta yin sa ita ce wadda ake kira CSV. Kada sunan ya firgita ku, rubutu ne zalla wanda kowa zai iya buɗewa ya karanta. Kowane mutum yana da layi ɗaya, kuma waƙafi ne ke raba gurbi da gurbi. Layin farko shi ke faɗin sunayen guraben, misali: lamba,suna,uba,gari,shekara. Layi na biyu sai ya zama: 0457,Wane,Wane,Dauran,1998. Shi ke nan. Na'ura tana ƙirga waƙafi, ta san abin da ya zo bayan na uku gari ne. An daɗe ana aiki da wannan tsari tun kafin a rubuta masa ƙa'ida a 2005. Akwai kuma JSON, wanda wani Ba'amurke mai suna Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000. A cikinsa kowane bayani yana tafe da lakabinsa manne da shi, kuma ana iya sa bayani cikin bayani, kamar magidanci da matansa, kowace da 'ya'yanta a ƙarƙashinta. Yawancin manhajojin wayoyinmu da shi suke aika wa juna saƙo. Mu dai CSV ya ishe mu.

In aka ji haka sai a ce ai abin babu wuya. Ni ma haka na zata.

A farkon Satumba 2021, kamar yadda duk muka sani, aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, aka rufe makarantu da kasuwannin mako. Makonni masu yawa babu kira babu saƙo. A wancan lokaci ofishinmu yana tattara sunayen magidantan da suka baro ƙauyukansu suka shigo manyan garuruwa, don a san yadda za a raba taimako. Muddin layi yana rufe, takardu ne ke zuwa mana hannun direbobi daga Shinkafi da Zurmi ta Ƙaura zuwa Gusau. Da aka buɗe layi kuma sai saƙonnin WhatsApp suka yi ta kwararowa daga ma'aikatan da ke mazaɓu. An ba kowa samfuri ɗaya: suna, ƙauye, mazaɓa, yawan iyali, lambar waya. Amma kun san halinmu. Wani ya rubuta "Suna:" a gaban kowane suna, wani ya jera su kurum, wani ya raba da waƙafi, wani ya raba da 'yar sandar nan mai jirge da ake sawa a tsakanin kwanan wata, wani kuma ya fara da sallama da tambayar iyali, sannan ya shiga lissafi.

Ni aka ɗora wa aikin mayar da wannan tarin rubutu tebur ɗaya. Na zauna na rubuta 'yar manhaja, na kafa mata dokoki: in kin ga kaza, abin da ke biye suna ne, in kin ga lamba goma sha ɗaya a jere, waya ce, in kin ga sanda mai jirge, iyakar gurbi ce. Cikin kwana biyu aikin da da zai ci wata ya kammala, aka yi ta yaba mini, ni kuma kaina ya kumbura.

Kuskure na farko bai yi wuyar kamuwa ba, don ni ɗan ƙasar ne. Ƙaramar hukumar Zurmi mazaɓu 11 gare ta, amma teburina ya nuna 14. Na yi dariya na ce Zurmi ta zama jiha, ga ƙananan hukumominta 14 cif kamar na Zamfara. Abin da ya faru shi ne, uku daga cikin mazaɓun sunansu tagwaye ne, kuma da wannan sanda ake haɗa su: Dauran/Birnin Tsaba, Mayasa/Kuturu, da 'Yanbuki/Dutsi. Na ce wa na'ura sanda rabuwa ce, ita kuwa ta raba. Kuma ɓarnar ba a nan ta tsaya ba, domin duk layin da aka tsaga mazaɓarsa biyu, sauran gurabensa sun matsa gaba da ɗaya, sai ga "Birnin Tsaba" zaune a gurbin yawan iyali. Waƙafi ma haka yake yi in mutum ya rubuta "Dauran, Zurmi" a gurbi ɗaya. Maganinsa sananne ne, ana kulle bayanin tsakanin alamun zance don na'ura ta san abu ɗaya ne, amma sai wanda ya san ƙasar ne zai san inda za a kulle.

Na biyu wani ɗan bautar ƙasa ne da ke taimaka mini, yaro mai ƙwazo daga kudu. Na sa shi daidaita rubutun sunayen garuruwa. Ya ga Dauran, ya duba, ya ga garin da kowa ya sani Daura ne, sai ya ɗauka harafin ƙarshen tuntuɓen yatsa ne. Da dannawa ɗaya ya kwashe mutanenmu kaf ya kai su jihar Katsina. Ban ga laifinsa ba, ni ne ban ba shi jerin sunayen garuruwanmu ya riƙa dubawa ba.

Na uku shi ne sifili. Lambobin wayarmu duk da sifili suke farawa, wasu lambobin asusun banki ma haka. Manhajar Excel kuwa in ta ga jerin lambobi sai ta ɗauka kuɗi ne ko ƙidaya, kuma a lissafi sifilin farko ba ya da amfani, sai ta share shi ba tare da ta tambayi kowa ba. Lambar asusu mai goma ta koma tara, banki ya ce bai san ta ba. Malaminmu na lissafi yana nan zaune, Allah Ya ƙara masa lafiya, shi ya koya mana cewa sifili a hagu banza ne. Malam, a gafarce ni, na iske wurin da ba banza ba ne. Lambar waya suna ce da aka rubuta da lambobi, ba a tara ta ba a kuma debe ta, don haka dole a gaya wa na'ura ta riƙe ta a matsayin rubutu.

Duk waɗannan na gano su na gyara kafin takarda ta fita. Wanda ban gano ba shi ne na huɗu.

Sai in ɗan koma baya. Tsarin da aka fara yi wa kwamfuta na haruffa a Amurka a 1963, mai suna ASCII, gurbi 128 kurum gare shi, kuma don Turanci aka yi shi. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki, waɗannan baƙaƙe masu lanƙwasa da aka shigar cikin rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin su Rupert East a Zariya. Sai a 1991 aka fitar da Unicode, wanda ya ba haruffan harsunan duniya lambobinsu, har da namu, a 1992 kuma aka ƙirƙiro UTF-8, hanyar ajiye su da ta fi yaɗuwa yanzu. Amma tsofaffin hanyoyin ba su mutu ba, suna nan cikin manhajoji. In ka ajiye fayil da ɗaya daga cikinsu, duk harafin da ba ta sani ba sai ta maye gurbinsa da alamar tambaya. Haka na yi ban sani ba, Ɗanjuma ya koma ?anjuma.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai dai tun farko na lura wasu ma'aikatan suna sa alamar tambaya a gaban sunan da suke shakka a kansa, na kuwa kafa wa manhajata doka cewa duk layin da ke da alamar tambaya ta fitar da shi. Ban ce ta ajiye mini su gefe ba, ban ce ta ƙirga mini su ba. Ta fitar da su shiru, tebur ya fito tsaf.

Bayan an yi rabo da kamar mako uku na zo gida, sai ga wata tsohuwa daga wani ƙauye na ƙasar Dauran, ta san mahaifiyata tun suna 'yan mata. An gaya mata ni ke riƙe da sunaye. Ta zauna bakin tabarma, muka gaisa, ta ce mini da harshenmu na nan, "Ɗana, mi yah hana sunana hitowa? An rubuta ni gaban idona." Na ce mata Inna, wataƙila mai rubutun ne bai aiko ba. Ta ce to, Allah Ya sa haka shi ne alheri, ta tashi. Da na koma ofis na buɗe saƙonnin asali, ga sunanta nan sarai, da sunan mijinta marigayi mai farawa da Ɗan, da jikoki a hannunta. Na bi sauran, na iske ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ma'aikatan da suka yi rubutun ganganci, suka sa D a wurin Ɗ da k a wurin ƙ, mutanensu duk sun wuce lafiya. Waɗanda aka zubar su ne mutanen ma'aikatan da suka riƙe abin da malaman Hausa suka koya musu. Na kai rahoton kaina ga shugabana, aka sa su cikin rabo na gaba, amma makonnin da suka yi babu komai ba wanda zai mayar musu.

Daga baya na karanta abin da ya ɗan rage mini zafi, ko da yake bai wanke ni ba. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba 2020, lokacin annobar korona, sakamakon gwajin mutum 15,841 masu ɗauke da cutar ya ɓace daga lissafin hukuma. Ɗakunan gwaji suna aiko da sakamako cikin CSV, hukumar lafiya tana zuba shi cikin wani tsohon samfurin Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Da ya cika sai sauran suka zube, babu ƙara babu gargaɗi, kuma ba a bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da mutanen a kan lokaci ba. Ciwonmu ɗaya da su: abin da ya fito bai kai abin da ya shiga ba, kuma ba wanda ya ƙirga. Tun daga ranar ba na sakin aiki sai na ƙirga sunayen da suka shiga, na ƙirga waɗanda suka fito, in akwai gibi ko na mutum ɗaya ne sai na gan shi da idona. Duk layin da na'ura ta ƙi kuma yana da akwatinsa, mutum ne zai karanta shi.

To, mu dawo kan rajistarmu. Akwai abubuwan da ya kamata kwamiti ya yanke kafin a danna harafi ko ɗaya, kuma babu ɗayansu da ke buƙatar sanin kwamfuta, sanin mutane da ƙasa suke buƙata.

Babba a ciki shi ne suna. Takardun Turawa suna neman sunan yanka da sunan dangi, mu kuwa ba haka muke ba. Yaro ya shigo aji ɗaya da sunan mahaifinsa, a aji uku ya koma sunan kawun da ke riƙonsa, ran cika takardar jarrabawar ƙarshe ya sa sunan garinsu. Akwai waɗanda ke zaune a ɗakin nan da hakan ta faru da su, ina ganin suna murmushi. Muhammadu, Mamman, Muhammad da Mohammed na iya zama mutum ɗaya, suna kuma iya zama huɗu a aji ɗaya. Fatima a takarda, Faɗimatu a wurin liman, Hwatima a bakin kakarta. Shawarata ita ce a yi gurbi biyu: ɗaya a kwafe sunan daidai yadda yake a rajista, da kuskurensa da komai, ɗayan a sa sunan da aka san mutumin da shi yanzu. Kada a taɓa na farkon. Wata rana wani zai zo neman shaidar ya yi makarantar nan don fansho ko tantancewar ma'aikata, kuma abin da ke rubuce a rajista shi zai cece shi. Abin da zai ɗaure layukan mutum wuri ɗaya kuwa lambar shigarsa makaranta ce, don ita ba ta sauyawa, a kuma riƙe ta da sifilinta.

Haka nan jiha. Duk wanda ya shigo kafin 1 ga Oktoba 1996, rajista za ta ce ɗan jihar Sakkwato ne, kuma gaskiya ta faɗa, a lokacin babu jihar Zamfara. Iyakokin ƙananan hukumomi ma sun sha sauyawa. Mai bugu kada ya gyara, ya bar yadda yake, a ƙara gurbin na yanzu a gefe.

Kwanan wata kuma a zaɓi hanya ɗaya. 03/04/1999 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin kwamfutar da aka saita irin ta Amurka 4 ga Maris ne, kuma za ta juya shi ba ta faɗa ba. Akwai tsarin duniya tun 1988 da ke fara da shekara, sai wata, sai rana, wato 1999-04-03, shi ba ya rikicewa. Game da ranar haihuwa, ba sai na tona asiri ba, amma za ku yi mamakin yawan waɗanda aka haifa 1 ga Janairu a makarantar nan. Inda rajista ta ba da shekara kaɗai, a sa shekarar kaɗai. Inda gurbi yake fayau, a bar shi fayau, kada a cika shi da sifili ko da zato.

Wani ƙanena a nan ya ce mini jiya, ai yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake nuna wa hoton takarda su fitar da tebur nan take. Gaskiya ne, ni ma ina aiki da su, suna rage wahala ƙwarai. Aibinsu ɗaya, in rubutu ya dushe ba su cika cewa ba su gani ba, sai su cike da abin da ya fi kama. Kuma Daura ta fi Dauran yawa a cikin abin da suka karanta. A yi aiki da su, amma mutum biyu su bi baya, ɗaya yana karanta rajista da ƙarfi, ɗaya yana duba allo.

Sauran magana ɗaya, kuma ina roƙo a saurare ta da kyau. Rajistar da ke cikin kabad ɗin shugaban makaranta tana da wuyar sata, wanda zai kwafe ta sai ya yi kwanaki. Fayil kuwa daƙiƙa ɗaya ta isa a tura shi ko'ina. Jerin 'yan ƙungiya da kwamiti ke so ya haɗa zai ƙunshi sunan kowa, da garinsu, da inda yake aiki, da lambar wayarsa. A halin da ƙasarmu take ciki, daga Ƙaura zuwa Shinkafi zuwa Zurmi, ba sai na faɗi wanda zai so ya sami irin wannan takarda ba. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta dawo da fayil ɗin da ya riga ya fita. Ni ra'ayina, a raba shi biyu. Tarihin shiga da fita makaranta ya zauna daban. Lambobin waya da wuraren aiki su zauna daban a hannun mutum biyu kurum, da makulli, kada a taɓa sa su a zauren WhatsApp na ƙungiya, kuma duk wanda bai yarda a rubuta wurin aikinsa ba a ƙyale shi.

Na bar samfurin guraben da nake ba da shawara a wurin sakatare, da jerin sunayen garuruwa da ƙauyukan yankinmu yadda muke rubuta su, don kowa ya duba ya ƙara wanda na manta. Zan ba da Asabar biyu a wata har a gama. Daga ƙannenmu muna neman masu bugu huɗu. Daga iyayenmu malamai kuwa, musamman waɗanda suka yi ritaya, roƙonmu shi ne ku zauna tare da mu ranar aikin, domin akwai shafukan da tawadarsu ta dushe, akwai jan layin da ba wanda ya san dalilinsa sai wanda ya ja shi. Rajistar ba za ta fita daga makaranta ba, mu za mu zo mata.

Shugaban taro, na ga ka duba agogo sau biyu.